Sharhi Kan Shagon da Ya Daidaita Mini Sakatar Lee-Enfield Bayan Na Kwance Ta Na Mayar Ba Daidai Ba

Bindigar da nake magana a kanta Lee-Enfield ce, samfurin Lamba 4 Mark I, wadda aka ƙera a masana'antar gwamnatin Birtaniya da ke Maltby a yankin Yorkshire a 1943, kamar yadda hatimin da ke jikinta ya nuna. Ina riƙe da ita a nan Ingila da lasisin 'yan sanda wanda ake sabuntawa duk shekara biyar, tana kwana a akwatin ƙarfe da aka kafe a jikin bango, kuma ba ta fita sai ranar da ƙungiyarmu ta masu harbin allo za ta je fili. Na fara da wannan bayani ne domin mai karatu a gida ya san inda nake tsaye, tun da a Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu cin harsashi .303 a jerin waɗanda aka hana mutanen gari mallaka. Abin da ya kai ni ga sayenta kuwa shi ne kakana na wajen uwa, wanda yana cikin sojojin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a yankin Arakan na ƙasar Burma a 1945, kuma dangin wannan bindiga ne sojojin wancan zamani suka rataya a kafaɗa.

Matsalar ta fara ne wata safiya mai tsananin sanyi a watan Janairu, lokacin da harsashi uku cikin goma da ke gidan harsashin suka ƙi tashi. Na ja kunama, na ji ƙarar allurar da ke bugun gindin harsashi a raunane, na jira daƙiƙa talatin bakin bindiga na kallon allo kamar yadda ƙa'ida ta tanada, sannan na buɗe. A cibiyar gindin kowane harsashi akwai ɗan tabo marar zurfi, alamar cewa allurar ta iso amma ba ta iso da ƙarfi ba. Wani dattijo a ƙungiyar ya duba, ya ce mai yiwuwa tsohon giris ne ya daskare a cikin sakata yana riƙe sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ke ingiza allura, abin da sanyi ke ƙara tsanantawa. Maganarsa gaskiya ce, sai dai bai gaya mini in kwance da kaina ba. Wannan shawara ni na ba kaina.

Ga wanda bai saba ba, sakata ita ce sandar ƙarfen nan mai mariƙi da ake ɗagawa, a ja baya, a tura gaba, a sauke, wadda ke tura harsashi cikin bututu ta kuma kulle bayansa. Ta Lee-Enfield tana da kai wanda ake warwarewa daban, da ƙugiyar da ke zaro kwanso a jikin kan, da allura da sifirinta a ciki, sai kuma wani ƙarfe a can baya wanda kunama ke riƙewa idan an ɗana, wanda zan riƙa kira wutsiya. Allurar tana shiga cikin wutsiyar ne da tiredi, wato ana murɗa ta kamar noti, wata 'yar ƙaramar kusa kuma tana hana ta juyawa. Ba a iya warware ta sai da wani maɓalli mai kama da bututu, mai haƙora biyu a baki, wanda ake zurawa ta gaban sakata ya kama kwalar allurar. A nan ta bambanta da Mauser ta Jamus ta 1898, wadda soja ke iya kwance sakatarta ba tare da wani maɓalli na musamman ba. Turawan Ingila sun bar wannan aiki ga masu gyaran makamai na bataliya, kuma da na tsaya na yi tunani a kan dalilinsu, da na huta.

Maɓallin na saya a intanet a kan fam takwas, kuma araha ba ta ado. Ƙarfensa mai laushi ne, haƙoransa ba su zauna sosai a gurbinsu ba, a murɗawa ta biyu ɗaya ya lanƙwashe. Na miƙe shi da filaya, na jiƙa tiredin da mai ya kwana, washegari allurar ta saki. Abin da na tarar a ciki ya gaskata dattijon, domin giris ɗin ya koma kamar busasshen ƙaro, launin ƙasa-ƙasa, ya cika tsakanin zoben sifirin. Na wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na goge, na shafa mai kaɗan, na mayar da komai ina jin daɗin kaina. Daga nan wahala ta fara. Da farko sakatar ta ƙi shiga gidanta sam. Bayan na yi ta juye-juye ta shiga, sai mariƙin ya ƙi sauka har ƙasa. Da na sake cirewa na sake mayarwa ya sauka, na ɗauka an gama, amma a fili ranar Asabar harsashi huɗu cikin goma suka ƙi tashi, wato garin neman gira na kusa rasa ido. A ranar na mayar da ita akwatinta, na nemi mai gyara.

Shagon yana bayan wani ƙaramin gari a tsakiyar Ingila, tafiyar kusan minti hamsin daga gidana, a cikin wani tsohon ɗakin ajiyar gona da aka gyara. Babu allon suna mai girma a waje, kuma ba a shiga sai an danna ƙararrawa an jira. Mai shagon dattijo ne da ya haura shekara sittin da biyar, shi kaɗai yake aiki, sai matarsa da ke zuwa kwana biyu a mako tana riƙe littafi da waya. Kafin ya taɓa jakar bindigar sai da ya karɓi lasisina, ya gwada lambar da ke ciki da wadda ke jikin bindigar, ya rubuta a babban littafin rajistarsa. A dokar nan sakata ba ƙarfe ba ce da za a jefa a ambulan a aika wa kowa, ana lissafa ta cikin sassan da doka ke sa wa ido kamar bututu, saboda haka mai gyara dole ya kasance yana da rajista a wurin 'yan sanda. Takardar rajistarsa tana rataye a bango inda kowa zai gani, kuma wannan ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali.

Abu na biyu shi ne yadda ya saurare ni. Na ba shi labarin kamar yadda na ba ku, ban ɓoye wautata ba, shi kuma bai yi dariya ba, bai kuma katse ni ba. Da na gama sai ya buɗe sakata, ya leƙa cikin bututu, ya sa ɗan yatsa ya tabbatar babu harsashi, ko da yake na riga na ce masa babu. Ya ɗaga saitin baya, ya danne ɗan maɓallin da ke gefen dama, ya ja sakatar, ya ɗaga kanta, ta fito a hannunsa cikin abin da bai kai daƙiƙa uku ba. Ya juya ta, ya duba lambar da aka buga a bayan mariƙin, ya gwada da ta jikin bindigar, ya ce sun dace, kuma wannan labari ne mai daɗi, domin kowace sakata an daidaita ta ne da gidanta tun a masana'anta, ba a musanya su yadda aka ga dama.

Matsaloli biyu na farko bai ɓata lokaci a kansu ba, ni ma ba zan ɓata ba. A bayan sakatar akwai gurbi biyu, dogo da gajere, inda ɗan haƙorin wutsiya ke zama. Idan sakata tana waje, wajibi ne haƙorin ya kasance a gajeren, ni kuwa na bar shi a dogon, shi ya sa ta ƙi shiga. Mariƙin da ya ƙi sauka kuma kan sakata ne ban murɗa har ƙarshe ba, ya rage zagaye ɗaya cif. Ya ce waɗannan kurakurai biyu masu kirki ne, tun da bindigar da kanta take ƙin yarda da su.

Kuskure na uku ne ya ba shi aiki, kuma a kansa ne na ga bambancin wanda ya karanta abu da wanda ya shekara arba'in yana riƙe da shi. Ya ɗora sakatar a ƙarƙashin fitilar teburinsa, ya ce in shafa bayan wutsiyar da farce. Na shafa, na ji gindin allurar ya ɗan fito waje. Ya ce a ƙa'ida gindin allura da bayan wutsiya su zo daidai wa daida, yadda farce zai wuce bai ji komai ba, sannan gurbin da ke gindin allurar ya fuskanci ramin 'yar kusar. Ni na zarce da zagaye ɗaya, na kuma matse kusar da ƙarfi har ta zauna a karkace, kanta ya ɗan ci. Daga nan ya nuna mini abin da wannan zagaye ɗaya ya haifar. A wannan bindiga, abin da ke tsayar da allura idan ta yi gaba shi ne kwalarta da ke bugun bayan kan sakata, kuma a lokacin ya kamata a ga ɗan sarari, kamar kaurin kati, tsakanin wutsiya da jikin sakata. A tawa sararin ya ɓace. Wutsiyar ce ke fara bugun jikin sakata, ta tsayar da allurar tun ba ta kai inda za ta kai ba. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfen awo mai gurbi biyu, ɗaya inci 0.040, ɗaya inci 0.050, ya ce tsinin allura dole ya fito tsakanin waɗannan biyun, wato milimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Nawa bai kai na ƙasan ba. Na wanke giris ɗin da ke rage wa allura ƙarfi, na kuma rage mata tsawo da hannuna.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa sakatar tana shiga, tana kullewa, tana ɗanuwa, kunama tana sakinta da ƙara mai daɗin ji, duk alhali ba daidai take ba. Ido bai isa ya gane ba, kunne ma haka. Ya ce da na yi kuskuren ta ɗaya gefen, na bar allurar ba ta shiga sosai ba, da wutsiyar ta koma baya fiye da ƙima, kuma hakan na iya shafar yadda makullin tsaro ke kama ta, wanda ya fi harsashi ƙin tashi muni nesa ba kusa ba.

Da nasa maɓallin, wanda ya ce tsohon na soja ne, ƙarfensa ya yi baƙi saboda shekaru, ya warware allurar cikin sauƙi, yana danne wutsiyar da tafin hannu domin kada sifirin ya yi tsalle. Ya mirgina allurar a kan gilashi ya ga ko ta lanƙwashe, ba ta lanƙwashe ba. Ya ajiye tsohon sifirin kusa da sabo, na ga da idona tsohon ya gajarta, ya ce a canza, na yarda. Ya kuma lura da abin da ban ko duba ba, wato ɗan sifirin ƙugiyar zaro kwanso, mai siffar baki biyu kamar hantsaki, wanda ya fara tsagewa a lanƙwasarsa. Ya ce mutane da yawa kan karya shi garin cirewa da sukurudireba, don haka gara da ban taɓa shi ba. Wannan ita ce kaɗai yabon da na samu a ranar.

A nan ne ya ce in bar bindigar, domin yana son ya auna sararin da ke tsakanin fuskar sakata da gindin bututu, inda leɓen harsashi ke zama, kuma yana da ayyuka a gabansa. Harsashin .303 mai leɓe ne a gindi, kuma ma'aunin soja na wannan sarari ƙarafa biyu ne: na inci 0.064, wanda dole sakata ta kulle a kansa, da na inci 0.074, wanda dole ta ƙi kullewa. Idan sararin ya yi yawa, kwanso na miƙewa fiye da ƙima a lokacin harbi, har yana iya tsinkewa kusa da gindi. Masu ƙera Lamba 4 sun yi dabarar yin kan sakata iri huɗu, masu lamba daga 0 zuwa 3, kowanne ya ɗan fi wanda ya gabace shi a lamba tsawo, yadda idan bindiga ta ci sai a sa mata kai mai tsawo maimakon a canza bututu. Tawa tana da lamba 1. Ya gargaɗe ni kada in taɓa sayen kai saboda lambar da ke jikinsa kawai, domin ya sha auna biyu masu lamba ɗaya ya tarar tsawonsu ya bambanta, kuma bayan tsawo akwai batun inda kan ke tsayawa idan an murɗa shi har ƙarshe, wanda bai kamata ya zarce layin doron sakata da yawa ba.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Ya ce mini mako ɗaya, bindigar ta yi mako huɗu da kwana biyu a wurinsa. Na buga waya sau biyar, sau biyu kawai aka ɗauka, kuma a duka biyun amsar ita ce an kusa. Ba ya amfani da saƙon waya, ba ya duba imel sai matarsa ta zo, kuma babu wanda ya kira ni ya ce an samu jinkiri. Daga baya na gane cewa lokacin farautar tsuntsaye ne ke ƙarewa, bindigogin mafarauta sun cika masa teburi, amma wannan bayani da an yi mini shi tun ranar farko da na san yadda zan tsara kaina, ban rasa gasar ƙungiya ta watan Fabrairu ina zaman jira ba. Haka kuma bai ba ni ƙiyasin kuɗi a rubuce ba, sai da baki, abin da ba na so a kowace irin sana'a. Wurin ajiye mota taɓo ne idan an yi ruwa, kuma ba ya karɓar kati, sai tsabar kuɗi ko turawa ta banki.

Ranar da na je ɗauka, duk da haushin da nake ji, aikin ya wanke shi. Bai miƙo mini bindigar kawai ba, sai da ya sake yin awon a gabana. Ya cire ƙugiyar zaro kwanso domin kada ta ruɗe awon, ya sa ƙaramin ma'aunin, sakata ta kulle ba gardama. Ya sa babban, ya tura mariƙin da yatsa biyu kawai, ya tsaya bai sauka ba, ya ce ba a tilasta wa ma'auni, domin da ƙarfi kowace sakata na iya haɗiye shi ta yi maka ƙarya. Ya nuna mini bayan haƙoran kulle guda biyu, waɗanda a Lee-Enfield suke can baya ba a gaba ba kamar na Mauser, inda ya shafa tawada ya kulle ya buɗe, tawadar ta goge a duka biyun, alamar cewa kowanne yana ɗaukar rabonsa na nauyi. Ya mayar da ƙugiyar, ya zuba harsasan gwaji marasa albarushi guda biyar, ya sarrafa su ɗaya bayan ɗaya suna faɗowa a kan tabarmar roba. Ya gwada makullin tsaro a ɗane da kuma a sake. Bayan haka ya ba ni sakatar da maɓallinsa, ya ce in kwance in mayar yana kallo, kuma sai da na yi sau biyu, a na biyun bai ce uffan ba har na shafa bayan wutsiyar da farce na ji sumul.

Kuɗin ya kama fam 70: fam 45 na aiki, sauran na sifiri biyu da sabuwar 'yar kusa a madadin wadda na ci wa kai. Bai caje ni ko sisi a kan rabin sa'ar da ya ɓata yana koya mini ba, bai kuma yi ƙoƙarin sayar mini da abin da ban nema ba, ko da yake akwai kan sakata iri-iri a cikin wata tsohuwar gwangwanin biskit a kan kantarsa, kuma da ya ce ina buƙatar ɗaya da ban yi musu ba. Ya saka mini tsofaffin sassan a 'yar leda, ya rubuta sakamakon awon da biro a bayan rasit. A ganina farashin ya yi daidai, har ma da rangwame, idan aka dubi cewa ma'aunan nan kaɗai, in mutum zai saya domin amfani sau ɗaya, za su ci abin da ya kusa haka.

Wanda ke da tsohuwar bindigar soja irin wannan, ko Mauser, ko wata mai sakata, kuma yana son a auna masa ita a gaya masa gaskiya, wannan shago ya dace da shi, da sharaɗin ya nemi ƙiyasi a rubuce, ya ninka lokacin da aka ce masa sau uku, kuma ya guji ƙarshen lokacin farauta. Wanda ke gaggawa, ko yake son a riƙa aiko masa da saƙo a kowane mataki, zai sha takaici. Game da maɓallin fam takwas kuwa, na nuna masa shi, ya juya shi a hannu, ya gwada haƙorin da ɗan magagari, ƙarfen ya ci kamar sabulu, ya ce in jefar kafin ya karye a cikin wata sakatar ya bar mini guntu a ciki. Ya ba ni shawarar in nemi wanda aka yi da ƙarfe mai tauri, ko da zai ninka wannan kuɗi sau uku, ya kuma ƙara da cewa tun da an wanke ciki an sa mai kaɗan, ba na buƙatar sake kwance allurar nan kusa, warware kan da gogewa ya wadatar.

Asabar ɗin da ta biyo baya na harba harsashi arba'in a nisan yadi 100, cikin sanyin da bai gaza na watan Janairu ba, kuma duka sun tashi a bugun farko. Na tattara kwanson na jera su a kan benci na duba gindinsu ɗaya bayan ɗaya: tabon allurar a tsakiya yake, zagayayye, zurfinsa ɗaya a kowanne, babu wanda ya huje, kuma babu zoben haske kusa da gindi da ke nuna kwanso ya miƙe. Rasit ɗin mai awo a baya yana cikin akwatin ƙarfen tare da lasisin.